Sakaci Ya Shiga Ɗakin Rigakafi, Ya Zama Wajibi Mu Tashi

Jama'a, a yi hattara. Wani haɗari yana yaɗuwa a ɗakunan da muke kai jariranmu allura, kuma sunansa sakaci.

A fahimce mu tun daga farko. Maganin rigakafi ba shi da laifi. Da shi aka kawar da agana daga doron ƙasa, har aka yi shelar hakan a 1980. Da shi Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, aka ba nahiyar Afirka shaida a watan Agustan 2020. Duk gidan da ya taɓa binne yaro saboda ƙyanda ya san darajar allurar wata tara.

Abin tsoron shi ne hannun da ke riƙe da sirinji. Hannun da aka ba aiki ba a ba shi horo ba. Hannun da ya gaji. Hannun da ya saba da aikin har ya daina karanta abin da ke jikin kwalba.

Wannan hannun yana iya mayar da magani ruwa. Yana iya mayar da shi guba. Ya riga ya yi, kuma an binne yara.

A watan Yulin 2018, a Samowa, wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Pasifik, an kai yara biyu 'yan shekara ɗaya allurar ƙyanda. Maganin a gari yake zuwa, sai an narkar da shi da ruwansa na musamman. Aka ɗauko kwalbar da ba ita ba. Aka narkar da garin da maganin da ake sakar wa mutum jiki da shi a ɗakin tiyata, wanda ma wa'adinsa ya wuce. Yaran biyu suka rasu jim kaɗan bayan allurar.

Kotu ta ɗaure ma'aikatan jinya biyu, aƙalla shekara 5 kowacce. Bala'in bai tsaya nan ba. Gwamnati ta dakatar da allurar ƙyanda na tsawon watanni. Iyaye suka tsorata, suka janye. Masu yaɗa jita-jita suka samu abin faɗa. Yawan yaran da ake yi wa allurar ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shigo, ta tarar da ƙofa a buɗe. Ta kama mutum sama da 5,700 a ƙasar da jama'arta duka ba su fi kimanin 200,000 ba. Ta kashe 83, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Kwalba ɗaya ce ba a karanta ba. Yara biyu a rana ɗaya, sannan mutum 83 a annobar da ta biyo.

A watan Mayun 2017, a yankin Kapoyta na Sudan ta Kudu, yara 15 suka mutu bayan gangamin allurar ƙyanda. Bincike ya gano cewa sirinji ɗaya aka yi ta haɗa magani da shi tsawon kwana 4, maganin an ajiye shi ba sanyi, masu aikin kuma ba su da horo. Ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a cikin kwalabe, aka tura su jikin yara. A watan Satumbar 2014, a lardin Idlib na Siriya, wasu yara 15 suka tafi ta hanyar da ta kashe na Samowa: maganin tiyata yana firji ɗaya da ruwan haɗin rigakafi, aka ɗauki wannan a madadin wancan.

Kada wani ya ce ai can ne. Duk abin da ya haɗu ya kashe yaran nan akwai shi a garuruwanmu. Akwai zafi. Akwai rashin wuta. Akwai asibitin sha-ka-tafi da ma'aikaci ɗaya ke karɓar haihuwa, ya duba masu zazzaɓi, ya yi awo, ya koma kan allura. Akwai firji ɗaya da ake cusa komai a ciki. Akwai waɗanda aka yi wa bitar yini guda aka rataya musu jaka. Tsarin Allah ne yake kare mu, kuma Allah bai ce mu zubar da namu ƙoƙarin ba.

Daga firji ɓarnar take somawa, inda ba mai gani.

Maganin rigakafi a asibitin unguwa yana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Ba ƙasa, ba sama. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Damagaram, zafin bazara yana haura digiri 40. Daga rumbun sanyi na jiha zuwa na ƙaramar hukuma, daga nan a bayan babur zuwa ƙauye, duk inda sanyin ya yanke ƙarfin maganin ya ragu, kuma ba ya dawowa ko an mayar da shi firji.

Masu yin maganin sun san haka. Shi ya sa suka manna ɗan tambari a jikin kwalba ko a murfinta: da'ira mai duhu, da murabba'i mai haske a tsakiya. Zafi yana sa murabba'in ya yi ta duhu. Ranar da ya yi daidai da da'irar, ko ya fi ta duhu, maganin ya mutu, ko da kwanan watan da aka buga a jikinsa bai cika ba. Duba wannan tambarin ba ya cin ƙiftawar ido biyu. Amma mutum nawa ne ke dubawa idan layi ya kai bakin ƙofa?

Sanyin da ya wuce kima shi ma kisa ne, kuma ya fi ɓuya. Allurar fenta, mai kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, idan ta daskare ta lalace. Haka ta ciwon hanta da ake yi ranar haihuwa. Haka ta namoniya. Haka allurar shan inna ta cinya. Tambarin nan ba ya nuna daskarewa. Ma'aikacin da ya ciro ƙanƙara daga firiza ya jera ta kai tsaye a jikin kwalabe, bai bari ta fara narkewa har ya ji motsin ruwa a cikinta ba, ya kashe maganin da hannunsa alhali yana ganin kiyaye shi yake yi. Maganin da ya daskare ya narke ba ya kare yaro yadda ya kamata, kuma yakan bar masa kumburi mai tauri a cinya.

Ku dubi girman wannan zalunci. Uwa ta bar girkinta, ta nemi izinin maigida, ta biya kuɗin mota, ta zauna a benci tun hantsi. Yaro ya sha zafin allura, ya kwana yana kuka. An cika kati, an sa hannu. A takarda yaron nan ya tsira. A jikinsa babu komai. Ranar da mashaƙo ya shigo unguwa zai kama shi, sai maƙwabta su ce, "Ai ga wanda aka yi wa allurar nan, me ta tsinana masa?"

Ya zama wajibi a duba ma'aunin firji safe da yamma, har ranakun hutu, a rubuta abin da aka gani. Abin da aka gani, muka ce. Cika takardar mako guda a zama ɗaya da lambobin da aka ƙirƙira ha'inci ne, kuma da ran yara ake yin sa.

Ya zama wajibi firjin rigakafi ya zama na rigakafi kaɗai. Ba lemo, ba ruwan leda, ba zoɓo, ba ragowar abincin rana. Fiye da duka, kada a sa wani magani daban a ciki: ba allurar ciwon suga, ba ta naƙuda, ba ta tiyata. Ƙananan kwalaben nan suna kama da juna. Idlib shaida ce.

Sai wurin haɗa magani. A nan mutuwa ta fi kusa.

Allurar BCG ta tarin fuka, da ta ƙyanda, da ta shawara, duk a gari suke zuwa. Kowacce da ruwan haɗinta daga kamfanin da ya yi ta. Ruwan wata ba ya shiga wata. Ruwan allura na gama-gari ba ya maye gurbinsa. Kowace kwalba da sabon sirinjin haɗi. Da zarar an haɗa, lokaci ya fara ci: awa 6, ko ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa. Bayan haka sai zubarwa, ko da na yara takwas ne ya rage a ciki.

Dalili kuwa, babu sinadarin da ke hana ƙwayar cuta girma a cikin waɗannan magunguna. Haɗaɗɗiyar kwalbar ƙyanda kamar ɗanyen nama ce a bazara, ba ta kwana. Yaron da aka yi wa allura daga kwalbar da ta gurɓace, cikin 'yan awoyi zai fara zazzaɓi mai tsanani da amai da gudawa, yana iya cikawa kafin gari ya waye.

Duk da haka akwai masu cewa, "Asara ce a zubar, gobe ma akwai yara." Wace asara? Nawa ne kuɗin kwalba? Nawa ne kuɗin yaro?

A ɗaya gefen ga masu ƙin buɗe kwalbar sam. Uwa ta taso daga ƙauye da ɗan wata tara, a ce mata, "Baiwar Allah, ba ma buɗe kwalba don yaro ɗaya, ki dawo idan kun cika goma." Ta juya. Damina ta sauka, hanya ta yanke, aikin gona ya ci kowa. Ba za ta dawo ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne. Ya zama wajibi shugabannin sashe su daina tsoratar da ƙananan ma'aikata da lissafin asarar magani, har su gwammace korar yaro da buɗe kwalba.

Akwai wasu ɗabi'un da sauri ya haifa, suka zama kamar ƙa'ida. A cika sirinji goma a jera a faranti kafin yara su iso. A bar tsinken allura a soke a murfin kwalba yini guda, ƙura da ƙuda suna bi. A bar buɗaɗɗiyar kwalba tana iyo a ruwan ƙanƙarar da ta narke. A buɗe kwalbar fenta a mayar da ita firji ba a rubuta ranar buɗewa ba, alhali kwana 28 ne iyakarta, shi ma sai an cika sharuɗɗa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan hanya ce da cuta ke bi ta shiga jikin jariri. Ya zama wajibi a daina su yau.

Inda ake soka allurar ma ba wasa ba ne. BCG a cikin fatar dantse ake yin ta, ɗan mitsitsin digo, 0.05 na mililita ga jariri, har fatar ta ɗan tasa. Idan aka nutsa ta ƙasa, sai maruru da kaluluwa a hamata. Ta ƙyanda ƙarƙashin fata ce. Fenta da ta namoniya a naman cinya ta gefen waje. Ba a yi wa jariri rigakafi a ɗuwawu. Naman wurin bai yi kauri ba, kuma babbar jijiyar ƙafa ta nan ta bi. Tsinke ɗaya ya taɓa ta, ƙafa ta saki, yaro ya tashi yana jan ta har tsufansa. Mutane su ce inna ce ta sha shi. Ba inna ba ce. Hannun mutum ne.

Sirinjin rigakafi na yanzu an yi shi ne ya kulle kansa bayan amfani ɗaya. An yi haka ne saboda abin da duniya ta gani na ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki da suka yaɗu ta allurar da aka maimaita. Yaro ɗaya, sirinji ɗaya, a ɓare shi daga leda a gaban uwa. An gama, a jefa shi kwalin sharar allura nan take, ba a mayar masa da murfi. Kwalin ya kusa cika, a rufe, a kai inda ake ƙonawa. Amma ku zaga bayan wasu asibitocinmu ku ga abin da ke kan juji, ku ga yaran unguwa da 'yan bola suna tona shi da hannu. Ya zama wajibi a tambayi mai kula da kowane asibiti inda sharar allurarsa take ƙarewa.

Kafin tsinke ya taɓa yaro, akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Watansa nawa? Ina katinsa? Me aka yi masa a baya? Ya taɓa shiɗewa, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi bayan wata allura? Yana da wata babbar rashin lafiya? Ma'aikacin da ya karɓi yaro ya soka ba tare da ya kalli fuskar uwarsa ba, bai yi jinya ba.

Haka kuma, mura ba ta hana rigakafi. Ɗan zazzaɓi mai sauƙi ba ya hanawa. 'Yar gudawa ba ta hanawa. Tamowa ba ta hanawa, hasali ma yaro mai tamowa shi ya fi buƙata, don shi ƙyanda ta fi saurin ɗauka. Yaron da ya tsallake wata ba a mayar da shi farko, daga inda ya tsaya ake ci gaba. Korar irin waɗannan yara jahilci ne sanye da farin kaya.

Wani abu kuma da ba a son faɗa. A cikin allura kusan miliyan guda, ana iya samun yaro ɗaya da jikinsa zai yi mummunan bore cikin mintoci: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, jiki ya saki. Abu ne mai wuyar aukuwa, kuma yana da magani, allurar adiranalin a cinya nan take. Sai dai tana aiki ne idan tana kan tebur, wa'adinta bai wuce ba, kuma akwai wanda ya san adadin da ake yi wa jariri. Ya zama wajibi kada a buɗe zaman rigakafi ko ɗaya, a asibiti ne ko a ƙofar mai unguwa, babu ita. Ya zama wajibi a zaunar da uwa da ɗanta aƙalla minti 15 bayan allura kafin a sallame su. Benci ɗaya a inuwa ya isa.

Sannan a yi wa uwa magana. A yi mata magana irin ta mutunci.

A gaya mata allurar me aka yi, da cutar da take karewa. A gaya mata yaro zai iya ɗan zafin jiki da fitina kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. Ta ci gaba da ba shi nono, ta sassauta masa kaya, ta ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi. Kada ta murza, kada ta gasa da ruwan zafi, kada ta shafa man zafi ko wani haɗi. A gaya mata wurin BCG zai yi ɗan ƙurji bayan makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo, kuma hakan daidai ne. A gaya mata zazzaɓin allurar ƙyanda yakan zo bayan mako guda ko fiye. A gaya mata abin da zai sa ta dawo da gudu ko da tsakar dare ne: jijjiga, zafin da ya ƙi sauka, kukan da ya kai awa 3 ba tsayawa, ƙin kama nono, sarƙewar numfashi, kumburi mai mugunya. A rubuta ranar dawowa a kati, a kuma faɗa mata da baki, don ba kowace uwa ke karanta boko ba.

Uwar da aka gaya wa, idan zazzaɓi ya zo za ta ce ai Malama ta faɗa. Uwar da ba a gaya wa ba za ta ce allura ta cuce ta, maigida ya ce daga yau an gama.

Me muke ji a maimakon haka? "Ke, sai yanzu kika ga damar zuwa?" "Ina katin? Kin yar, ko? To tashi ki ba mutane wuri." "Dubi yaro duk dauɗa." A gaban mata arba'in. Matar da aka yi wa haka ba za ta sake taka ƙofar nan ba, kuma kafin magariba kishiyarta da facalolinta da matan layinsu duk sun ji. Wulaƙanci ɗaya yana raba gidaje goma da rigakafi. Haka karɓar kuɗin kati ko na sirinji a kan abin da gwamnati ta ce kyauta ne.

Ga mafi muni: rufa-rufa.

Yaro ya samu maruru a wurin allura, ma'aikaci ya lallaɓa ya ce a je kemis a sayi magani, kada maganar ta fita. Yara uku daga zama ɗaya suka yi zazzaɓi mai zafi, ba wanda ya ɗaga waya. Ana tsoron tuhuma, ana tsoron canjin wurin aiki, ana kare abokin aiki. Alhali akwai takardar da aka tanada don kai rahoton duk abin da ya biyo bayan allura, akwai jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, akwai hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, akwai hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Rahoton nan shi ke sa a gano kwalbar da ta gurɓace kafin ta kai ga yaro na huɗu. Wanda ya ga kuskure ya yi shiru, yana da kaso a cikin abin da zai sami yaron da ke biye. Ya zama wajibi a kai rahoto. Ya zama wajibi kuma shugabanni su bambanta mai kuskuren da ya fito ya faɗa da mai gangancin da ya ɓoye, don idan aka hukunta mai faɗin gaskiya, gobe ba mai sake faɗa.

Mu a Arewa ba mu da rarar yarda da za mu yi wasa da ita. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Ba rigakafi ba ne, amma tabon ya zauna a zukata. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004. Kafin a farga cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. A watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, suna bakin aikinsu. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan da suka bi gida gida cikin rana, sun sha wahala kafin ƙofofi su sake buɗewa.

Har yanzu ba su gama buɗewa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka samu cikakken rigakafin farko, a Sakkwato kuwa kashi 5. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya sa Najeriya a sahun gaba a duniya wajen yaran da ko allurar fenta ta farko ba su samu ba, sama da miliyan 2. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, ya bi Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ya bayyana a jihar Damagaram ta Nijar. Ya kashe sama da mutum 1,000 a Najeriya, mafi yawansu yara. Cutar da allurar mako 6 da mako 10 da mako 14 ke tarewa.

A irin wannan ƙasa, maruru ɗaya a cinyar jariri ya fi wa'azin mai jita-jita ɗari tasiri. Yau hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya zaga jiha kafin la'asar. Idan abin da ya faru a Samowa ya faru a wata ƙaramar hukumarmu, wa zai iya lissafa kaburburan da za su biyo baya?

Ba za mu ɗora wa ma'aikatan jinya kaɗai ba, don zalunci ne. Da yawansu suna aikin mutum biyar da albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Wasu da kuɗin aljihunsu suke zuba wa babur mai su ɗauko magani. A 2024 majalisar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta bayyana cewa sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3. Waɗanda suka rage a birane suka taru, ƙauye sai ƙananan ma'aikatan lafiya da 'yan sa-kai. Gwamnan da ya yi wa asibiti fenti ya bar firjin sola a mace, shi ma hannunsa yana kan sirinjin nan. Ya zama wajibi a ɗauki ma'aikata, a biya su a kan lokaci, a riƙa sabunta musu horo a kan tebur da kwalba a hannu. Ya zama wajibi masu duba aiki su je su tsaya su ga yadda ake allura da idonsu, su daina karɓar rajista a ofis suna sa hannu. Ya zama wajibi a gyara firjin da ya lalace cikin kwanaki.

Ya zama wajibi a hana wanda ba shi da horo taɓa sirinjin rigakafi, ko ɗan wane ne, ko wane ne ya kawo shi.

Iyaye kuma, kada ku nemi rigakafi a kemis ko a hannun mai yawo da jaka. A 2015, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da ta shiga kasuwa. Wanda ba shi da firjin da ake auna sanyinsa ba shi da rigakafi, ko kwalbar ta gaskiya ce.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce shi ke nan, ya samu hujjar riƙe ɗansa a gida. Wanda ya yi haka ya miƙa shi ga ƙyanda da mashaƙo da hannu biyu. Ku kai su. Ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15. Amma ku kai su da ido a buɗe. Uwa tana da haƙƙin ta ce, "Malama, don Allah allurar mece ce wannan?" Tana da haƙƙin ta ga an ɓare sabon sirinji. Tana da haƙƙin ta ce a cinya, ba a ɗuwawu ba. Ma'aikaciyar kirki ba ta jin haushin tambaya. Ya zama wajibi magidanta su daina barin wannan nauyi a kan mata kaɗai, su riƙa duba katin da kansu, su adana shi kamar yadda suke adana takardar fili.

Ya zama wajibi limamai su faɗa a kan mumbari cewa jaririn da aka miƙa wa ma'aikaci amana ce, za a tambaye shi a kanta. Ya zama wajibi ƙungiyoyin ma'aikatan jinya su tsawata wa nasu da kansu kafin kotu ta yi.

Ya zama wajibi dagatai da masu unguwanni da 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa su je asibitin yankinsu kafin ranar allura mai zuwa. Su ce a buɗe musu firji. Su duba ma'auni da takardarsa. Su tambayi ina adiranalin, ina kwalin shara, wa ke yin allurar, yaushe aka yi masa horo na ƙarshe. Abin da suka tarar babu, su rubuta shi da sunan asibitin da kwanan wata, su kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma hannu da hannu, su koma bayan mako biyu su ji inda aka kwana.